RUMBU DA ALJIHU: TARIHIN RABON SAMU A GIDAJEN ƘASAR GUMEL

Tsakanin Ringim da Malam Madori, bisa hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Kano ta nufi Nguru, akwai wani gari da a ke kira Gagarawa Tasha. Sunan nan kaɗai ya isa ya nuna wa mai lura asalin wurin. Akwai Gagarawa ta dā, wadda a ke ce da ita Gagarawa Gari, sa'an nan ga wadda ta tsiro a gindin tasha bayan da aka shimfiɗa dogo. An kai hanyar nan har Nguru cikin shekara ta 1930, tsawonta kuwa daga Kano wajen mil 143 ne. Tun daga sa'an nan tashar ta zama ƙofa ga ƙasar Gumel, amfanin gona na fita ta nan, kuɗin Turawa na shigowa ta nan.

To, 'yan makaranta, abin da mu ke so mu duba yau shi ne abin da kuɗin nan suka tarar a cikin gidaje, da abin da suka yi wa gidajen. Kowannenku daga gida ya fito, a kowane gida kuwa akwai tambaya biyu waɗanda ba su tsufa: abin da aka samu, na wane ne? Abin da za a kashe kuma, a wuyan wa ya ke? Kakanninmu sun shirya wa tambayoyin nan amsa mai kyau tun ba su da takarda balle alƙalamin lissafi. In kun fahimci amsarsu, da yadda zamani ya girgiza ta, za ku san yadda za ku yi da albashinku ran da Allah ya kai ku ga samu.

ƘASAR DA MUTANENTA

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen shekara ta 1750, ta kuwa zauna ƙarƙashin inuwar Barno. Ko da aka yi jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Gumel ba ta shiga hannun Sakkwato ba. A dā sarakunan suna zaune a Tumbi, wadda yanzu ta ke cikin ƙasar Nijar, daga baya suka komo Gumel. Cikin shekara ta 1851, a zamanin Sarki Ɗan Tanoma, wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya tarar babbar kasuwar kanwa ce, fatake na kwasa suna kai wa har ƙasar Nufe.

Amma fataucin kanwa na mutane kaɗan ne. Yawancin jama'a, Mangawa da Hausawa, manoma ne, tare da Fulani makiyaya. Ƙasar jigawa ce, rairayi ya fi yawa, damina gajeruwa, saboda haka gero da wake su ne gatan talaka, sai dawa inda ƙasa ta yi nauyi. Banda ƙarancin ruwa kuma ga rashin kwanciyar rai, gama Gumel ta daɗe tana fama da yaƙi tsakaninta da Haɗeja, mahara kuma na zuwa daga Damagaram suna kama mutane, har zuwa shekara ta 1903 da Sarki Ahmadu ya karɓi mulkin Ingilishi.

Ku riƙe abu biyun nan, ƙarancin ruwa da tsoron hari, gama su ne tushen dukan abin da za mu faɗa. A irin wannan zama, wanda ya ware shi kaɗai ya sayar da ransa da araha. In ya yi ciwo sati biyu lokacin noman fari, ciyawa ta cinye gonar. In ya yi nisa da ganuwa shi ɗaya, mahara su yi gaba da shi. Daji kuwa ga shi nan ba iyaka, kowa ya nemi wurin sara wajen mai gari sai ya samu. Watau ƙasa ba ta yi wuya ba, hannun da zai nome ta shi ne ya yi wuya. Don haka arzikin magidanci a lokacin nan yawan mutanensa ne.

GANDU

Shirin da mutanen ƙasar Hausa suka yi domin su tara hannuwa wuri guda shi a ke kira gandu. Ma'anarsa ita ce uba da 'ya'yansa maza, har da waɗanda suka yi aure, su haɗu su noma gona ɗaya, su zuba amfanin a rumbu ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Wani lokaci in uba ya rasu, wa ya kan riƙe ƙannensa a kan wannan shiri. A gidajen masu hali kuma akwai bayi cikin gandun.

Kada ku zaci mai gida sarki ne mai ci da gumin 'ya'yansa a banza. Gandu alkawari ne mai fuska biyu, kowa ya san nasa nauyi. Abin da ke wuyan ɗa shi ne ƙarfinsa: ya fita gonar gandu da damina tun hantsi har azahar, ya yi shuka, da noma, da maimai, da girbi, da ɗaurin dami, da jido. Abin da ke wuyan mai gida kuwa ya fi wannan yawa. Shi zai ba da iri, shi zai sayi fartanya da garma wajen maƙeri. Shi zai ciyad da kowa, ɗa da matar ɗa da jikoki. Shi zai biya wa kowane baligi haraji. Shi zai yi wa ɗa auren fari, tun daga kayan toshi har sadaki, ya kuma gina masa ɗaki. In an haihu, ragon suna nasa ne. In baƙo ya sauka, tuwon baƙo nasa ne. In ɗa ya jawo tara a gaban alƙali, shi za a nema.

Mabuɗin rumbu yana hannun mai gida, amma hatsin da ke ciki ba nasa ba ne na ya yi yadda ya ga dama. Ba shi da ikon ya kwashi geron gandu ya ƙara aure alhali ɗansa baligi na zaune gwauro. In ya yi haka, dattawan unguwa za su kira shi su yi masa faɗa, ɗan kuma ya sami hujjar fita. Haka nan ɗan da ya riƙa laɓewa ran aiki, ba shi da bakin da zai nemi a yi masa aure. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A gandu kuwa kowa ya ci ladan, babba da yaro.

GAYAUNA

Masu shirya gandu sun san halin ɗan Adam. Sun san saurayi yana son riga tasa, da goron da zai kai zance, da abin da zai ba maroƙi a dandali, ba kuwa zai so ya riƙa miƙa hannu ga ubansa saboda kowane ƙaramin abu ba. Saboda haka suka yanka wa kowane ɗan gandu 'yar gona tasa ta kansa, ita ce gayauna; a wajen Maraɗi a kan ce gamana. Da sassafe kafin a fita aikin gandu, da kuma bayan azahar, lokacin nasa ne. A waɗansu wurare ma kwanaki a ke warewa cikin mako, a ce waɗannan na gandu, waɗancan na gayauna. Abin da gayauna ta bayar mai gida ba shi da iko da ko zangarniya ɗaya. Haka kuma abin da ɗa ya samu da rani ta wajen sana'a, ko saƙa, ko jima, ko dako, ko fatauci, galibi nasa ne, sai dai ya yi wa uba alheri don neman albarka.

Har bawa ma yana da gayaunarsa. Wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin zamanta a ƙasar Zazzau, aka buga shi cikin shekara ta 1954, a ciki ta bayyana yadda bayin gidansu su ke aikin gandu har azahar, sa'an nan kowa ya koma tasa gona. Da irin wannan samu ne waɗansu bayi su ke tara abin fansar kansu.

DUKIYAR MACE

Ga aljihu na uku, wanda baƙo ba ya gani, shi ne na mata. Shari'ar Musulunci bisa mazhabar Maliki, wadda alƙalan ƙasashen nan su ke hukunci da ita, ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da wurin kwana na matarsa, ko da ta fi shi dukiya. Sadakinta nata ne, gadon da ta ci nata ne, abin da hannunta ya samo nata ne. Don ku san girman wannan al'amari, ku sani a Ingila kanta sai cikin shekara ta 1870 aka yi dokar da ta bar wa matar aure abin da ta samu da aikinta, sai kuma 1882 aka ba ta cikakken iko da dukiyarta. Kafin wannan, abin da ta shigo da shi duk ya kan koma hannun miji.

Yadda abin ya ke tafiya a gida shi ne, mai gida ya auno hatsi daga rumbu, ya ba da kuɗin cefane, watau na gishiri da daddawa da kuka da kanwa da mai, ya miƙa wa wadda ke da girki. Inda mata suka fi ɗaya, girki kwana bibbiyu ne, kowace ta karɓa ta miƙa. Bayan wannan, sauran lokacinta nata ne. Da shi ta ke kaɗi ta sayad da zare, ta yi daddawa, ta dama fura, ta soya ƙosai, ta yi kitso, ta yi surfe ko daka a biya ta. Da kaka in ta yi roron wake a kan ba ta rabonta. Abin da ta tara ta kan sa a adashi, ko ta sayi akuya ko tunkiya ta ɗaure, ko ta kai biki gidan ƙawa, wanda za a rama mata da ƙari ran da nata sha'ani ya zo.

Ina dukiyar nan ta ke tafiya? Mafi yawanta ɗakin 'ya ta ke komawa. Uwa da 'yarta su kan yi shekaru suna tari, 'ya na talla, uwa na jefawa a asusu, har ran da za a yi jere. A dā ƙorai ne da tasoshi, daga baya kwanoni masu fenti suka shigo. Kayan ɗakin nan ado ne, ajiya ce kuma, gama ran da wuya ta zo a kan ɗauki kwano a sayar. Sau da yawa kuma in rumbu ya yi ƙasa da bazara, wurin matarsa mai gida ya kan nemi rance, ya kuwa biya, domin bashi ne sosai.

A rugar Fulani ma akwai irin wannan rabo, ko da ya ke siffarsa dabam ce. Sayad da sa sha'anin namiji ne, haka ma biyan jangali a zamanin da a ke biyansa. Nono da man shanu kuwa na mace ne, ita ke kai su kasuwa, ita ke juya kuɗinsu.

LISSAFIN KAKA

Bari mu ƙaddara wani gida domin ku ga yadda rabon ya ke. A ce mai gida da 'ya'yansa uku sun ɗaure dami 200 na gero. Kafin kome sai a fid da zakka, ɗaya cikin goma, gama ruwan sama ne ya shayad da gonar: dami 20 ke nan, saura 180. Sa'an nan a ware iri. A ba maƙeri da wanzami abin da aka saba ba su, a ba malamin da ke karantad da yara, a ba matan gida nasu ihsani, a aika wa 'yar da ke gidan miji. Duk wannan a fili a ke yinsa, a bakin rumbu, yara na kallo, maƙwabta na gani. Abin da ya saura a zuba a rumbu. A gidaje da yawa a kan liƙe babban rumbu, samari su tafi cin rani su ci da kansu a wani wuri, ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka, domin a sami abincin da za a yi noma da shi.

Ku lura da kyau, gama nan ne gishirin maganar ya ke. Dami abu ne mai girma, ba ya shiga aljihu. Kowa ya ga yawan abin da aka samu, kowa ya ga inda ya tafi. Mai gida ba shi da halin ya ce babu alhali akwai, ɗa kuma ba shi da halin ya zarge shi da ɓoyo. Idon jama'a shi ne littafin lissafinsu.

ZUWAN JIRGI

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin shekara ta 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawa sun sa rai auduga za a yi ta aikawa Ingila, amma manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in ciniki ya ƙi a iya cinta. Attajiran Kano waɗanda suka gwanance da fataucin goro, irin su Alhasan Ɗantata, suka shiga tsakanin kamfanonin Turawa da manoma, suka watsa yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi. Ba a daɗe ba aka sha darasi mai ɗaci: damina ta 1913 ta ƙi, aka yi yunwar da a ke kira Ƙaƙalaba cikin 1914, mutane da yawa suka hallaka, aka gane sule ba ya maye gurbin rumbu in babu hatsi a kasuwa.

Ƙasar Gumel tana nesa da Kano, kai gyaɗa can a bayan jaki ko raƙumi ya kan cinye riba. Da tasha ta zo Gagarawa sai sikeli ya matso kusa. Jigawar da a ke rainawa kuwa ita ce gyaɗa ta fi so. Da kaka sai ayarin jakuna su yi ta gangarowa daga wajen Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, ga akawu, ga 'yan baranda, ga 'yan dako, ga masu tuwo, ga masu kanti. Kuɗin da a ke biya kuwa ba wuri ba ne irin na dā, wanda sai an loda wa jaki. Sule ne da kwabo da anini. Fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12, kwabo ɗaya anini 10. Kuɗin gona guda sai su shige lalita a ɗaura a gindi, riga ta rufe.

IGIYOYIN DA SUKA SAKI

Mun ce manyan abubuwan da ke riƙe ɗa a gandu su ne ci, da haraji, da aure, da tsoron zaman kaɗaici. To, ku dubi yadda suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Hari ya ƙare bayan zuwan Turawa, mutum ya iya fita bayan ganuwa ya sari daji ya kafa gidansa ba fargaba. Bauta kuma ta yi ta ja da baya: doka ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, cikin 1936 kuma aka soke bautar ɗungum, manyan gandaye suka rasa hannuwa. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, saurayin da ya shuka gyaɗa a gayaunarsa kuwa ya ga yana iya biyan nasa da kansa, har ya tara na aure. Sai ya fara tambayar zuciyarsa, don me zai ba da ƙarfinsa tun hantsi har azahar saboda abin da ya ke iya yi wa kansa? Ga kuma jirgi a bakin ƙofa, cin ranin da a dā a ke yi a ƙasa ya zama na kwana ɗaya zuwa Kano. Waɗanda aka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, har waɗansu suka kai Bama, sun komo da kuɗi a hannu da idon da ya ga duniya.

Ta wajen mai gida ma abin ya sauya. Shi ke kai gyaɗar gandu sikeli, shi kaɗai ya san abin da akawu ya ƙirga masa. Mai tsoron Allah ya kan komo ya tara 'ya'yansa ya zube kuɗin a tabarma. Wani kuwa sai ya biya ta kanti, ya komo da rabi, ya ce kasuwa ta faɗi. Wani lokaci ma gaskiya ya faɗa, gama tashar ta zo daidai da faɗuwar ciniki a duniya duka wadda ta soma cikin 1929, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Amma wa ya gani? Zato ya sami ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina cikin 1967 tana binciken wannan al'amari gida gida. Ta tarar gandun uba da 'ya'ya yana nan da ƙarfinsa, amma na 'yan'uwa ba ya daɗewa bayan rasuwar uba. Ta kuma tarar gandu ya fi ƙarko a gidajen masu wadata, gama su ke iya sauke nauyin da ke kansu. Matalauci kuwa, wanda rumbunsa ke ƙarewa tun rani, 'ya'yansa kan watse neman ƙwadago. Wannan ya nuna mana ba taurin kan 'ya'yan zamani kaɗai ke rushe gandu ba. Inda aka cika alkawari ya kan tsaya, inda aka kasa ya kan faɗi.

Mata fa? Gyaɗa ta ba su sabuwar riba, gama su ke matse mai su soya ƙuliƙuli, sau da yawa ma wajen mazansu su ke sayen gyaɗar, da ciniki sosai. Amma yadin kanti da zaren masaƙa sun kashe kaɗi, injin niƙa kuma ya rage aikin da a ke biyansu. Kulle ya yaɗu a ƙauyuka da yawa, mata suka bar gona, itace da ruwa suka koma wuyan miji, kasuwancin mata ya koma cikin gida, yara na kai da kawowa.

BAYAN GYAƊA

Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, cikin 1954 ta koma hannun Jihar Arewa, ita ke yanka farashi kowace shekara. Aka yi zamanin dalar gyaɗa a Kano da Malam Madori. Sa'an nan fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, cikin 1975 kuma wata cuta wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta lalata gyaɗar Arewa, cinikin bai sake komawa yadda ya ke ba. Cikin 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Manoman wannan yanki suka ƙara ba da ƙarfi ga riɗi da wake da zoɓo, da kiwon dabbobin da a ke kai wa kasuwar Maigatari ran Alhamis, motoci kuma suka ƙwace yawancin kayan da jirgi ke ɗauka.

Cikin 1973 naira ta maye gurbin fam. Cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta a lokacin, kafin a yanke Jihar Jigawa cikin 1991. Talakawa sun yi murna, sun kuwa cancanci yi, amma ku lura, ɗaya daga cikin tsofaffin nauyin mai gandu ke nan ya tafi. A madadinsa sababbi suka zo waɗanda kakanninmu ba su yanka wa kowa ba: kuɗin taki, da na magani, da na littattafai da kayan makaranta. Jama'a ta yi yawa, gado ya yi ta rarraba gonaki, yanzu ƙasa ce ta yi wuya, ba hannu ba. Gidaje da yawa kuwa abin da ɗa ya aiko ta waya daga Kano ko Ikko ko Fatakwal ya zama wani rumbu na biyu.

ABIN DA YA SAURA GARE KU

Ku da ke karatu, yawancinku ba dami za ku kawo gida ba, albashi ne ko ribar sana'a. Albashi kuwa al'ada ba ta riga ta yanka masa iyaka ba. Uba yana ganinsa amfanin gandu ne, gama shi ya rasa hannunku a gona shekara da shekaru kuna aji. Ku kuna ganinsa gayauna ce, gama ku kuka sha wahalar jarrabawa. Kowannenku yana da rabin gaskiya, rigimar gidaje da yawa kuwa daga nan ta ke tashi. Ga abin da tarihin nan ya koya mana.

Na fari, ku mai da kuɗi dami, watau ku sa su inda ido zai gani. Wanda ke da hakki a kan samunku, ku gaya masa gaskiyar abin da ku ke samu da abin da ke kanku. Wanda bai sani ba kullum ya kan zaci ya fi haka.

Na biyu, ku yanka gandu, ku yanka gayauna. Ku zauna da iyaye ku ce ga abin da za ku riƙa bayarwa kowane wata, ko ku ɗauki wani nauyi sananne, kamar taki ko karatun ƙane, ku tsaya a kansa. Kaɗan mai zuwa kan lokaci ya fi mai yawa wanda sai an yi roƙo. Abin da ya saura kuma naku ne, ba kunya.

Na uku, ku samari, ran da kuka yi aure ku tuna cefane a wuyanku ya ke, dukiyar matarku kuwa tata ce; in ta taimaka alheri ta yi, in ta ranta ku biya. Ku 'yan mata kuma, ku riƙe sana'a ko aiki, ku san abin da shari'a ta ba ku, ku kuma san gida ba ya tsayawa sai da taimakon juna.

Na huɗu, ku liƙe wani rumbu. Waɗanda suka ga Ƙaƙalaba da farin 1973 ba su yi wasa da ajiya ba, ƙasarmu kuwa har yanzu mai gajeruwar damina ce.

In kun tafi hutu, ku sami wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi wa ya biya masa harajin fari, wa ya yi masa auren fari, yaushe aka raba tukunya a gidan, kuma me ya kawo rabuwar. Ku tambayi kakarku mace da wace sana'a ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki. Ku rubuta abin da suka gaya muku da kyakkyawan hannu, ku kai wa malaminku a karanta a aji, gama tarihin gidanku yanki ne na tarihin ƙasarku.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka cikin abin da mu ke samu, ya kiyashe mu da cin hakkin juna, amin.